Karsanar da Ta Zama Mota

A gonar tumatirinsa ta bakin kanal a Tiga Hamman ya rubuta labarin, tsakanin ban-ruwa da korar awakin mutane. Labarin mahaifinsa ne, marigayi Malam Jibrin. Shekarar da ciwon bushiya ya shiga rugage, garken Malam Jibrin ya ƙare kakaf, ko ɗan maraƙi bai tsira ba. Ana cikin jimami sai ga amininsa Abdussalami daga Falgore, a ƙafa, yana jaye da karsana. Habbanaye ke nan a al'adar Fulani: ka ba wanda ya rasa shanunsa aron saniya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan, ya maido maka da uwar. Da wannan karsana gidansu ya sake miƙewa.

Lokacin da Hamman ya yi rubutun, harkar fim na kaset ta fara tashe a Kano, duk wanda ya iya riƙe biro sai ya ji shi ma akwai fim a cikinsa. Hamman ya hau bas ya kai wa wani mai shirya fim, Uba, labarin. Uba ya karanta a tsaye, ya ce ya yi, za su ɗauka. Amma ya ba shi shawara ya tattaro ya dawo Kano da zama, domin su ba takarda suke bi ba. Sai an je wurin ɗauka ake gaya wa kowane ɗan wasa abin da ake so, shi kuma ya faɗa da bakinsa yadda ya ga dama.

"Wanda ba ya wurin, ba ya cikin fim," in ji Uba.

Hamman ya yi godiya ya kamo hanyar gida. Ina zai kai Inna Kulsum, mahaifiyarsa, da ciwon gwiwarta? Ƙanwarsa Halima tana aure a Doguwa, gidan daga shi sai tsohuwa da 'yan shanu. Ya lallashi kansa da cewa rubutu ai ba ya bukatar mai gadi. Mutumin kirki ne Hamman, sai dai bai san mutanen birni ba.

Bayan damina kaset ya fito, ga sunansa can ƙasan kwali, sai ka kanne ido za ka gan shi. Malam Ladan, ma'aikacin ruwa, shi ne mai bidiyo a unguwar, matarsa Kande ta gayyato mata bayan la'asar. Hamman ya riga ya gaya wa Inna labarin Baffa ne, wato mahaifinsa, za a nuna. Ta ɗauro zanen da take zuwa suna da shi, ta zauna gaba-gaba, shi kuma ya tsaya daga bakin ƙofa.

Aka kunna. Malam Jibrin ya zama wani Alhaji mai tumbi da shagonsa ya ƙone a kasuwa. Abdussalami ya iso cikin shadda yana kaɗa makulli, ya ba shi aron mota. Daga nan aka shiga soyayya, aka yi waƙa a lambu. Daga baya ne Hamman ya ji yadda aka yi: ranar ɗauka an samo saniya, ɗan wasan ya ga ƙaho ya ce shi sam ba zai matsa kusa ba, wani kuma ya zo da motar yayansa. Duk taron nan ba a sami mai cewa mota ba ta haihuwa ba.

Mata suka sha dariya, suka yaba. Kunya da baƙin ciki suka rufe Hamman, ya ji kamar shi ne ya sayar da mahaifinsa. Inna ta kalla har ƙarshe cikin natsuwa, sannan ta waiwayo tana nemansa.

"Wannan ma ya yi kyau," ta ce. "To yaushe za a sa na Baffanka?"

Sai a hanya ya iya gaya mata cewa wanda ta gani ɗin shi ne na Baffa.

Da safe ya same ta tana tatsar wata farar saniya, jikar waccan karsana. Ta tambaye shi, da yana wurin ɗaukar fim ɗin za su ji maganarsa? Ya ce bai sani ba, amma dai da ya faɗa. Sai ta ce ta yanke shawara za ta koma Doguwa wurin Halima, shanun kuma a kai wa 'ya'yan Abdussalami riƙo, shi ya tafi Kano. Wannan fa matar da ko ruwa ba ta taɓa sha a gidan suruki ba saboda kunya. Hamman ya fara cewa ya haƙura da fim, ta katse shi.

"Aronka na ba 'yan fim, Hamman. Ka gaya musu yadda muke yi. Su riƙe abin da ka haifa musu, kai kuma su maido mini da kai."

Ta ci gaba da tatsa, ta jingina goshinta da cikin saniyar don kada ya ga idonta.