Ranar da Longji Ya Hana Baba Ɗaura Burtu

Wata biyar ke nan Baba Bartholomew yana gidan ɗansa Longji a Gaithersburg ta ƙasar Amurka, kuma in aka tara duk maganar da ya yi a cikinsu ba za ta kai wadda yake yi a yini guda a Pankshin ba. Maharbi ne da aka sani, mutumin da in ya fara ba da labarin daji sai tuwo ya huce a kwano. Amma tun da matarsa, Mama Olive, ta rasu bara, bakinsa ya mutu. Ga hawan jini, ga gida ba kowa. Shi ya sa Longji, wanda nas ne a wani asibiti, ya yi ta fafutuka har ya ɗauko shi. Tsohon ya zo, ya zaɓi kujerar bakin taga, ya zauna yana kallon kuregen Amurka da ba su san tsoron mutum ba.

Bayan Ista da kwana biyu ya ce, “Longji, ka nemo mini tikiti. Ƙarshen Mayu zan koma.”

“Baba, wa zai kula da kai a can?”

“A nan wa nake wa amfani? Kujerar da nake zaune a kai ta fi ni aiki.”

Longji ya sayi tikitin, don ba a jayayya da uba. Amma ya san abin da ke jiran tsohon: ɗaki shiru, da magani a kan tebur ba mai cewa a sha. Abin ya tsaya masa a rai, har a wurin aiki yana tunaninsa.

To, shi Longji yana da wani abin kunya da ya ɓoye wa mahaifinsa a gareji. Shekara uku ke nan wani abokin aikinsa, Raymond, ya koya masa farautar talotalon daji. A nan in sanyi ya wuce, itatuwa suka fara toho, mazan talotalo suna shiga neman mata. Sai maharbi ya jingina da itace, ya yi kukan mace, namijin ya biyo murya har gaban bindiga. A baki kamar wasa. Longji ya sayi duk abin da aka ce a saya: ɗan akwatin katako mai murfi da ake gogawa ya yi kuka, faifan dutse da sandarsa, wata ’yar roba da ake mannawa a ganɗa, kaya masu zanen ganye tun daga hula har safar hannu, da talotalo mace ta roba wadda ake kafawa a fili. Abu ɗaya ne bai taɓa kawowa gida ba, shi ne talotalo. Matarsa Pauline takan ce duk wanda suka ci a gidan nan daga firjin kanti aka farauto shi, kuma ita ce maharbiyar.

Ita ce dai ta ce masa, “Ka tafi da Baba ran Asabar mana.”

“Ya je ya ga ɗan maharbi yana dawowa hannu rabbana?”

“Gara ya ga haka da ya yini yana kallon kurege.”

Da aka yi wa Baba tayi, “To” kawai ya ce. Amma da asubar Asabar, kafin Longji ya gama neman safarsa, tsohon yana tsaye a bakin ƙofa, rataye da wata tsohuwar jakar fata da ya zo da ita daga gida.

Suka bi hanyar Poolesville har wani dajin gwamnati da ke gefen kogin Potomac. Gari bai waye ba, amma sun tarar da motoci biyu na wasu maharba a wurin ajiya. Longji yana ciro bindiga, da yake shi ke da lasin, sai ya juyo ya ga Baba ya buɗe jakar nan. Burtu ne ya fito. Kan tsuntsu ne da dogon wuya, na itace, an rufe shi da baƙar fata, an jera masa jajayen ’ya’yan itacen idon zakara a maƙogwaro. Maharban gida sukan ɗaura shi a goshi su durƙusa cikin ciyawa suna kaɗa kai, dabba ta ɗauka tsuntsu ne ke kiwo, har a iso kusa da ita. Tsohon yana warware igiyar, kuma a hasken tocila Longji ya ga abin da bai gani ba tun jana’iza: fuskar mahaifinsa a sake.

Sai dai Longji ya tuna wani abu. Darasin farko da Raymond ya ba shi shi ne, ba a shiga dajin talotalo da ja ko fari ko shuɗi, don launin kan namijin ke nan. Balle kan tsuntsu sukutum yana motsi a cikin ciyawa.

“Baba, wannan kam a bar shi a mota.”

“Me ka ce?”

“Ka ga motocin nan? Masu su suna ciki, kowa da bindiga, kowa jan wuya yake nema. In suka hango wannan yana motsi, ba tambaya za su yi ba.”

“Da wannan na ciyar da ku, ku bakwai. Shekara arba’in ba wanda ya harbe ni.”

“A can kowa ya san burtu, Baba. A nan ba wanda ya taɓa ganinsa.”

Tsohon ya kai burtun goshi. Longji ya sa hannu ya riƙe igiyar.

“Ba za ka ɗaura ba, Baba.”

Tun da aka haife shi bai taɓa yi wa mahaifinsa magana haka ba, kuma shi kansa sai da ya ji kunyar muryarsa. Baba ya dubi hannun, ya dubi mai hannun. Ya naɗe igiyar a hankali, ya mayar da burtun jaka, ya ajiye a kujerar baya, ya rufe ƙofa. Longji ya ji kamar da hannunsa ya matso da ranar tikitin nan. Suka shiga daji.

Suka zauna gindin wata babbar bishiya, aka kafa macen roba a gaba. Da gari ya fara haske, daga can saman itatuwa namiji ya saki kukansa, gulu-gulu-gulu, har daji ya amsa. Longji ya ɗauki akwati ya goga. Namijin ya amsa. Daɗi ya kama shi, ya ƙara. Ya ajiye akwati ya ɗauki faifai, ya ajiye faifai ya koma ’yar robar baki, wadda har yau in ya hura ta sai ka ce akuya ta shaƙe. Duk kira sai an amsa masa, duk amsa sai ya ƙara kira. Aka yi awa guda ana wannan gaisuwa. Tsuntsun ya sauko ƙasa, ya tsaya inda yake, daga baya ma kukansa ya fara nisa.

“Wannan macen taka ba ta da kunya ne?”

Longji ya waiga. Baba ne, a cikin raɗa, fuska a murtuke.

“Tun asuba take kururuwa kamar mai tallar kunu. In mace ta tsaya bakin hanya tana ihu, namiji zai zo ne? Tsayawa zai yi, ya san za ta kawo kanta.” Ya kawar da kai. “Uwarka kallo ɗaya ta yi mini a bayan coci ta wuce abinta. Tafiyar awa uku na yi a ƙafa ina neman gidansu.”

Longji ya dube shi. Wannan ne karo na farko da tsohon ya ambace ta tun rasuwarta.

“Tattara kayan wasan nan. Tashi.”

Yanzu Baba ne a gaba, kuma kafaɗun nan da suka rankwafa a kujera sun miƙe. Yana tafe yana duba ƙasa. Ya nuna wurin da aka tone busassun ganye, ya taɓa ƙasar ya ji da danshi, ya nuna inda tonon ya nufa. Can wata macen gaske ta yi ɗan kuka a gangare. Ya tsaya cak, ya karkata kai, leɓɓansa suna motsi kamar mai haddar waƙar coci. Sai ya zaɓi wani itace a bakin wani ɗan kwari, ya zaunar da ɗansa, shi kuma ya koma taku biyar a baya.

Bai nemi akwati ba. Ya sa harshe ya yi ƙut, ƙut, sau biyu, ƙasa-ƙasa, kamar ba da kowa yake ba. Sannan ya sa yatsu cikin ganye ya tona, sau uku, ya tsaya. Ya sake tonawa, ya tsaya. Namijin ya yi kuka daga nesa. Longji ya kai hannu aljihu, sai ya ji an jefe shi da tsakuwa a ƙeya. Ya janye hannun.

Shiru ya yi tsawo. Ƙafar Longji ta yi sanyi, wani ƙwaro yana yawo a wuyansa, bai isa ya motsa ba. Namijin ya sake kuka, ya sake, kamar mai jin haushi an ƙyale shi. Baba ko tari. Daga nan shi ma tsuntsun ya yi tsit, Longji ya ce a ransa shi ke nan, an yi biyu babu.

Sai ga shi. Ya ɓullo ta bayan wani kututture, jela a baje kamar faifai, fikafikai suna jan ƙasa, gemu yana lilo a ƙirji. Yana taku ɗaya-ɗaya, yana leƙen macen da ta raina shi. Rana ta sauka a wuyansa, ja wur.

Daga baya Longji ya ji mahaifinsa ya saki numfashi, ya ce a hankali, “Ashe.” Longji ya gane jan wuyan burtun da aka bari a mota ne tsohon ya tuna.

Taku ashirin ne tsakaninsu. Longji ya ɗora kumatu a bindiga. Shekara uku yana jiran wannan lokaci, ga shi kuma uban yana kallo. Ya ja kunama. Wani ɗan itace da bai ci ba bai sha ba ya karye gida biyu, talotalo kuwa ya tashi fafur-fafur ya haye kwarin, ko gashi ɗaya bai bari ba.

“Longji!”

Duk dajin ya ji wannan kiran. “Taku ashirin! Na kawo maka shi har bakin tukunya! Ido ka rufe ne? Ni da bindigar toka, mai ɗuri ɗaya, a taku ashirin ko makwarwa ba ta tsira. Ka ɗaga kai kafin ka ja, na gan ka. Wa ya koya maka riƙon bindiga, wannan Raymond ɗin? A kawo mini shi!”

“Sori, Baba.”

“Sori za a dafa?”

Faɗan bai tsaya ba har mota, bai tsaya a mota ba. Aka bi ta kan yadda Longji ke taka ganye kamar saniya, aka bi ta kan macen robar da aka manto a daji sai da aka koma, aka gangaro kan wani ɗan baffa da ya taɓa kuskuren gada a Shendam har yau ana yi masa waƙa. Longji yana tuƙi yana cewa, “Haka ne, Baba,” kuma bai taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba.

Sun kusa shiga gari Baba ya ce, “Yaushe ake rufe farautar nan?”

“Nan da sati uku.”

“Wanda ya kuskure a taku ashirin ba a gyara shi a sati uku. Yaushe ake sake buɗewa?”

“Irin wannan ta kira, sai Afrilu mai zuwa.”

Tsohon ya yi tsaki, ya juya yana kallon taga. Suka wuce danja ɗaya, suka wuce ta biyu.

“Ka kira masu jirgin nan ka ce su ɗaga ranar tafiyar. Ba zan koma Pankshin a tambaye ni labarin ɗana in rasa bakin magana ba.”

“To, Baba,” in ji Longji. Ƙwalla ta taru, titi ya fara rawa a idonsa. Ya sa bayan hannu yana gogewa.

“Kalli hanya,” Baba ya ce. “Ko ita ma kuskurenta za ka yi?”