Kufan da Ke Cikin Gandun Daji

Ya'u ya tumɓuke turke na uku ya yi jifa da shi, sai kiɗan gayya ya tsaya cak. Mutum wajen arba'in masu riƙe da dagi da fartanya suka ɗago kai suna kallonsa. Ba wanda ya taɓa ganin dattijon nan ya ɗaga wa ko akuya murya, balle hukuma.

Malam Uwaisu, malamin daji, ya taho da sauri, igiyar awo a kafaɗarsa. Matashi ne ɗan Makarfi, bai jima da kama aiki ba. Kwana biyu ya yi yana kafa turakun nan a layi, taku shida shida, don a haƙa ramukan dashen dalbejiya.

"Baba, lafiya dai?"

"Ba za a haƙa nan ba," in ji Ya'u.

Shekara biyu ke nan da samun mulkin kai. Da faɗuwar damina aka yi shela a kasuwar Ikara da ta Paki cewa gandun daji yanzu na 'yan ƙasa ne, kowa ya fito a dasa itatuwa, ba tilas, ba kuma biya. Mutanen ƙauyen su Ya'u, can gefen Kurmin Kogi, suka ji, suka ci gaba da shukarsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, su kuwa sun sha aikin tilas zamanin Turawa. Sai da Uwaisu ya yi ta sintiri gidan mai unguwa, ya raba goro, ya nemo makaɗi, ya mai da abin gayya irin wadda suka sani, sannan aka fito.

Shi Ya'u ba bishiya ce ta fito da shi ba. A tsakiyar gandun ne tsohon gidan mahaifinsa yake. Shekara ashirin da suka wuce aka shata iyaka, aka tashe su, aka hana kowa shiga. A bayan gidan kuwa 'yarsa ta fari ke kwance, wadda sanƙarau ya ɗauke tana 'yar shekara biyar. Da safen nan yana ɗaukar dagi, matarsa Lantana ta tare shi a bakin zaure.

"Malam, an ce layin ya bi ta kufanmu. Kada ka bari ƙarfe ya taɓa yarinyar nan."

"Ba zai taɓa ta ba."

"Ka dai san wurin?"

"Haba Lantana, yaya za a yi in rasa sani?"

Yanzu ga shi gaban malamin daji, ya shirya wa rigima, ko da za a kai shi gaban alƙali. Ya ce, "Akwai kabari a nan. Ɗiyata ce."

Uwaisu ya sauke igiyar, ya durƙusa. "Innalillahi. Wallahi Baba ban sani ba, takardar da aka ba ni daji kawai ta nuna. Nuna mini wurin in karkatar da layin, in ya so a yi mini faɗa a ofis."

Ya'u ya juya don ya nuna, sai hannunsa ya tsaya a sama. Tsamiyar da yake lissafi da ita babu ita, ko kututturenta gara ta cinye. Rijiyar gidan ta rufta ta zama kwari. Ko'ina gamba ce da sabara, duk iri ɗaya. Ya taka gabas taku goma, ya dawo, ya nufi kudu, ya sunkuya yana buɗe ciyawa da hannu ko zai ga fasasshen kaskon da aka rufe kabarin da shi. Jama'a suna tsaye suna jira. Gumi ya jiƙe masa riga, ga shi hantsi bai ma yi zafi ba.

Gaskiyar da ya daɗe yana ɓoye wa kansa ita ce, ranar da aka rufe yarinyar bai matsa kusa ba. 'Yar fari ce, ko sunanta bai taɓa kamawa ba. Da aka yi mata salla sai ya ja baya ya tsaya can ƙarshen mutane, kansa a ƙasa, kamar 'yar maƙwabci ake binnewa. Yayansa Ahmadu ne ya sa ta da hannunsa. An yaba wa Ya'u ƙwarai a ranar, har ana ba da labarin kunyarsa a majalisa. Ahmadu ya rasu shekara tara ke nan, masu yabon ma yawancinsu sun bi shi.

Ya miƙe. Da kyar ya ce, "Ban gane wurin ba."

Wani daga cikin 'yan gayya ya ce, "To a haƙa a hankali mana, in dagi ya ci karo da kasko sai a tsaya."

"Wanda zai soka dagi a nan sai dai ya fara da ni," in ji Ya'u. Mutumin ya ja da baya.

Uwaisu ya ɗan yi tunani. "Baba, iyakar gidan fa? Ka tuna ta?"

Wannan kam ya tuna, don shi ya kafa dangar da hannunsa, ga ma adurukun da ya yi dirkoki da shi ya tsiro nan da can. Ya bi yana nunawa, Uwaisu yana biye da shi yana cire turakunsa da kansa, har goma sha ɗaya. Aka mai da su gefe, suka zagaye kufan.

"Sai dai Baba, wurin da ba a dasa ba ciyawa za ta cinye shi. In rani ya yi, ta nan wuta za ta shiga ta ƙone mana duk aikin. Sai an sami mai nome shi duk shekara."

"Ka sa sunana."

"Ba albashi fa."

"Na ji shelar," in ji Ya'u.

Makaɗi ya koma kan gangarsa, amma a hankali. Ya'u ya haƙa ramukan zagayen shi kaɗai, bai yarda kowa ya taya shi ba.

Wajen azahar tsofaffin mata suka iso da ƙoren kunu da tulunan ruwa, Lantana a cikinsu. Rabonta da wurin nan tun ranar da aka tashe su. Ta sauke kayanta, ta dubi 'yan dashen da suka yi da'ira, ta matso kusa da mijinta.

"Malam, ta ina ne?"

Da ya nuna ko'ina da ta yarda. Ya san haka, hannunsa ma har ya motsa. Sai ya ce, "Ban sani ba, Lantana. Tana dai cikin nan. Ban tsaya kusa ba ranar."

Ta juya ta dubi ciyawar kufan. Can ta ce, "Ni mace ce, ban je ba. Duk shekarun nan abin da nake rarrashin zuciyata da shi ke nan, ko ba komai kai ka sani."

Ya'u ya sunkuyar da kai. Bai taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Lantana ta cire takalmanta, ta ɗauki tulu, ta soma daga dashen farko. Ta tsiyaya masa ruwa, ta wuce na gaba, bakinta yana motsi.

Uwaisu ya taso. "Inna, ai damina ce, jiya ma an yi ruwa. Ba sai an ba su ba."

Ya'u ya riƙo hannunsa. "Ƙyale ta, ɗana," in ji shi. Sannan ya sunkuya ya ɗauki tulu na biyu, ya bi bayanta.