Bangon Hannuwa

Duk wanda ya yi sakandaren gwamnati ta bayan tasha ya san bangon nan. Bangon ɗakin taro ne, dogo, ba taga, yana tsaye daidai bayan kwandon gabas na filin ƙwallon kwando, kuma daga tsakiyarsa zuwa sama cike yake da tafin hannu na shuɗin fenti, wani kan wani. Asalin abin ba wani shiri ba ne. Shekarar da makarantar ta fara cin kofin ƙwallon kwando, lokacin kwandon ma bakin tsohuwar ganga ne aka yanko aka kafa a katako, wani lebura ya manta bokitin fenti a gindin bangon. Murna ta ɗebi kyaftin na lokacin, ya tsoma hannu, ya ja da baya, ya rugo ya daka tsalle ya mari bango. Sauran suka bi shi. Daga nan abin ya zama doka: duk ɗan wasan da zai gama makaranta yana da tsalle ɗaya tak. Ba tsani, ba kujera, ba a ɗaga mutum. Inda hannunka ya kai, nan ne wurinka.

Hannun da ya fi kowanne nisa na wani ne da ake kira Tsani saboda tsayinsa. Ko daga nesa ana gane shi, domin ƙaramin yatsansa a lanƙwashe yake, karaya ce ya samu a wasa. Tsani ya rasu a haɗarin mota, ya bar 'ya guda tana rarrafe, ƙanensa Mai Fenti ya ɗauke ta ya riƙe. Hoton marigayin ɗaya ne a gidan, shi ma ruwa ya ɓata fuskar. Saboda haka duk lokacin da yarinyar ta tambayi yadda babanta yake, Mai Fenti sai ya ɗora ta a kafaɗa ya kai ta gindin bango ya nuna mata can sama, kusa da wata tsohuwar ƙusa. Nasa hannun yana ƙasa, cikin taron jama'a, ba abin nunawa ba ne. Yanzu yarinyar ta kai ajin ƙarshe, ita ce kyaftin ɗin mata, kowa 'Yar Tsani yake ce mata. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai aka kawo sabon shugaban makaranta, mutum mai son tsafta, irin wanda in ya ga ganye a ƙasa sai ya tambayi wa ya ba shi izinin faɗowa. Makaranta za ta cika shekara hamsin, manyan baƙi za su zo, ya ce a yi wa ko'ina fenti. Mai Fenti ne ya samu aikin. Ya yi ajujuwa, ya yi ofis, ya yi ƙofar shiga har tana ɗaukar ido. Bangon kawai ya bari.

"Wancan fa?" in ji Shugaba, yana nunawa da makullin mota.

"Wancan ba a taɓa shi, ranka ya daɗe."

"Ƙazantar yara ce ba a taɓawa? Baƙi za su zauna a filin nan suna kallonsa. Ka shafe min shi fari tas."

Mai Fenti ya yi masa bayani cikin ladabi, tun daga bokitin lebura har zuwa ƙusar. Ya ce cikin masu hannuwan nan akwai waɗanda ƙasa ta rufe, har da wansa uwa ɗaya uba ɗaya.

"Allah Ya ji ƙansu," in ji Shugaba. "Amma makaranta ce, ba maƙabarta ba. Ka karɓi aiki, malam. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

"To ni ba zan yi wannan askin ba."

Ya wanke buroshinsa a bakin famfo, ya ɗaure tsaninsa a bayan babur ya tafi. A ransa yana ganin ba mai fentin da zai yarda ya ɗora rolar fenti a bangon. Ya manta cewa gari ya girma, ya cika da mutanen da ba su taɓa jin sunan Tsani ba. Ranar hutun ƙarshen mako aka kawo wasu, kafin rana ta take sun gama.

'Yar Tsani ce ta kawo labarin. Ta shigo gida ta ajiye jaka, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ba ta cire takalmi ba.

"Baffa, sun shafe Baba."

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Baƙin ciki ya kama shi, har da jin haushin kansa, don da ya tsaya a gindin bangon da sai dai su shafe da shi. Ta ƙara da cewa Shugaba ya sanar a taron safe: an daina tsalle, kuma duk ɗalibin da ya taɓa bangon an cire shi daga ƙungiya, ga wasan ƙarshe na cin kofi ya matso.

Kwanakin da suka biyo baya Mai Fenti bai fita aiki ba. Yawo ya dinga yi a babur, daga gareji zuwa asibiti, daga kasuwa zuwa gidan tsohon Koci, wanda ya horar da su shi da Tsani, yanzu sai da sanda yake tafiya.

Ranar biki aka kafa rumfuna a filin wasa. Shugaba ya hau mumbari yana zuba jawabi kan tarihin makaranta da kofunan da ta ci, bayansa bango fari fat kamar ba a taɓa haihuwar kowa a wurin ba. Yana tsakiyar yabon 'yan wasan da suka wuce sai ga su sun shigo da ƙafarsu. Mai Fenti ne a gaba da bokitin shuɗi, sai direban tanka da tumbinsa, da ma'aikaciyar jinya ko rigar aiki ba ta cire ba, da tela, da mai gyaran injin wuta, da wasu da yawa, furfura ko'ina. Koci na biye a hankali.

"Tsallenku ɗaya ne, kun yi shi," in ji Koci da muryar nan tasa da ba ta tsufa ba. "Amma tunda an shafe, an mayar muku da abinku. Ku yi layi!"

Direban tanka ne ya fara. Ya tsoma hannu, ya ja da baya, ya rugo ƙasa na girgiza, ya yi wani abu da shi dai a ganinsa tsalle ne. Hannun ya sauka ɗan sama da kansa kaɗan.

"Kai, tumbin ne ya riga ka isa!" in ji ma'aikaciyar jinya.

Aka fashe da dariya, har cikin baƙi. Shugaba yana ta kiran masu gadi, amma babba a cikinsu, shi ma tsohon ɗan wasa, ya riga ya naɗe hannun riga ya shiga layi. Mai Fenti ya yi nasa, gwiwa ta ce ƙas, ya dawo yana ɗingishi. Hannuwan suka jeru a ƙasa-ƙasa, saman bangon kuwa fayau. Ya ɗaga kai ya dubi ƙusar. Ya daina dariya, don duk taron nan ba wanda zai iya maido da wansa.

Sai ya ga 'Yar Tsani ta taso daga layin ɗalibai tana ɗaure igiyar takalmi. Ya tare ta.

"Koma ki zauna, ɗiyata. Mu ba abin da zai yi mana. Ke kina da wasan ƙarshe."

"Baffa, kai ka ɗora ni a kafaɗa ka nuna min wurin. Yau kuma ka ce in zauna?"

"Ke yarinya!" Shugaba ya daka tsawa ta lasifika. "Kin ji abin da na faɗa. Kika taɓa bangon nan kin bar ƙungiya."

"Na ji, Malam," ta ce.

Ta tsoma hannun dama har wuyan hannu. Ta ja da baya har tsakiyar fili. Ta rugo, ta tashi, ƙarar marin ta kai har bakin ƙofa. Hannunta ya wuce na kowa nesa ba kusa ba, ko da yake bai kai ƙusar ba. Ba ta ko waiwaya ba, sai ga sauran 'yan ƙungiyarta na ajin ƙarshe, maza da mata, sun taso sun yi layi a bayan bokiti.

"Gobe zan sa a sake shafewa," in ji Shugaba.

"Ka shafe, ranka ya daɗe," in ji Mai Fenti. "Fenti sana'ata ce, ba ya yanke min."

Sai a lokacin ya matsa ya dubi hannun yarinyar da kyau. Fentin bai bushe ba, yana ɗan zirara. Yatsu huɗu a miƙe suke. Ƙaramin kuwa ta lanƙwasa shi da gangan, daidai yadda na babanta yake.

Ya share ido da bayan hannu, ya shafa wa fuskarsa shuɗi bai sani ba. Da taro ya watse ya hau babur, ita a baya, suka tafi gida. Bokitin kuwa ya bar shi a gindin bango, murfin a buɗe.