Jar Fitila Bayan La'asar

Shekara tara ke nan ina koyar da fiziks a makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi, kuma ɗalibaina sun gaji da jin ina cewa babu abin da ke faruwa haka kawai. Sai ga wata 'yar na'ura da ba ta kai kwanon sha girma ba ta tashi kunyata ni a gidan ubana.

Babanmu, Malam Abdussamadu, manomin shinkafa ne a Argungu. Kafin ciwo ya same shi, in ya tsaya a bakin fadama ya kira mutum ɗaya, har na ƙarshen gona sai ya ɗago kai ya duba ko da shi ake. Bai taɓa iya raɗa ba. Bayan girbin rani ya faɗi a gona, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ƙafa ta fara dawowa, hannu yana ƙoƙari, amma harshe ya ƙi. Ya san abin da yake son faɗi, kana ganin maganar a idonsa, sai ta zo baki ta tsaya.

Da kyar muka samu likitar magana a Abuja, Dakta Fiddausi, wadda take jin Hausa kuma ta yarda ta riƙa duba shi ta kiran bidiyo, Litinin da Alhamis, huɗu da rabi na yamma. Tun ranar farko ta faɗa mini gaskiya. Ta ce watannin farko su ne harshe ya fi saurin dawowa, in aka bar su suka wuce aikin zai yi wuya. Ta ce kuma akwai marasa lafiya da yawa a layi, don haka in zama uku a jere suka lalace, dole ta ba wani lokacin. Ban ji haushinta ba. Na ce mata in dai intanet ne, ta bar mini.

Gidanmu irin na da ne. Daga titi akwai shago, sai fili mai rumfa inda baƙi maza ke zama, sai katanga da ƙofar ƙarfe, sannan tsakar gida da ɗakuna. Sabis ba ya kama sosai sai a shago, ɗakin Baba kuwa yana can ƙurya. Sai na sayo na'urorin nan uku masu miƙa wa juna wai-fai, waɗanda na yi wa bayani a gida da cewa uwa ce da 'ya'yanta biyu. Uwar mai layin waya a ciki na ajiye ta a tagar shago. Ta biyu na rataye ta a tsakar gida, a ginshiƙin rumfar girki. Ta ukun tana kan teburin Baba. Uwa ta ba ta tsakiya, ta tsakiya ta ba ta ɗaki. Kowacce tana da 'yar fitila: fara in lafiya, ja in an rabu.

Zama biyu na farko lafiya lau. Na koma gidana a Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi, ina jin kaina.

Alhamis ta gaba ƙanwata Nazifa, wadda ke riƙe wa Baba waya, ta kira ni.

"Yaya Ummu, abin ga naki ya yi ja. Likita ta daskare da baki buɗe, har lokaci yaƙ ƙare."

"Wuta ta ɗauke?"

"Sola muka kai, ko hwanka ba ta tsaya ba."

Ran Asabar na shiga mota zuwa Argungu. Na tarar da fitilu uku fari tas. Na zagaya gidan da waya a hannu kamar mai neman ɗan kunne, ina auna ƙarfin sabis ɗaki ɗaki. Na kira ƙawata ta bidiyo daga kan gadon Baba muka yi rabin awa ko gezau. Duk da haka na kashe su na kunna, na sabunta manhajarsu, na sauya musu tasha ko ta maƙwabta ce ke shiga tasu. Daga ƙarshe, da na rasa mai laifi, na ɗora wa Nazifa. Na ce fina-finan da take saukewa ne suke cinye hanya. Ta rantse, ban yarda ba, kuma har yau ban gama ba ta haƙuri ba.

Ran Litinin na nemi izini a makaranta na zo da kaina. Yanzu an sake wa mutane zuwa dubiya, don haka na tarar da abokan Baba a rumfar waje sun dawo daga sallar la'asar. A tsakiyarsu Baba Maliki, wanda gonarsa ke jingine da tamu tun kafin a haife ni, da 'yar rediyonsa a cinya. Na durƙusa na gaishe su na shige. Innarmu tana zaune kusa da ƙofa tana tsince shinkafa a faifai.

Huɗu da minti ashirin da takwas, ina kallo da idona, fitilar ɗakin Baba ta koma ja.

Na fita da gudu, na ja ƙofa, na ratsa dattawa ina ba da haƙuri, na faɗa shago. Uwar fara. Na duba waya, ta nuna mini duka ukun suna haɗe, ba abin da ya same su. Na dawo ɗaki, ja.

"Kina hita ya dawo," in ji Nazifa. "Kina shigowa ya tahi."

Sau uku ina wannan zirga-zirga. Sau uku abu ɗaya. Dakta Fiddausi ta bayyana ta ce, "Malam, ka ce ba," sai fuskarta ta tsaya. Baba yana zaune ya jingina da matashi yana kallon fuskar da ba ta motsi, leɓensa na rawa shi kaɗai. Na ji tausayinsa har na kasa haɗa ido da shi. Da lokaci ya ƙare likita ta turo saƙo cikin ladabi, ta tuna mini saura Alhamis.

Tsorona daban, amma in faɗi gaskiya abin ya kuma kama hankalina. Wace irin na'ura ce wannan da ke gyara kanta in ta ji tafiyata? A mota ina komawa Birnin Kebbi na ɗauko littafin da nake shirya darasi na fara jera waɗanda nake zargi. Zafin yamma? Ai Asabar ta fi zafi. Cunkoson masu waya a gari bayan la'asar? To da uwar ce za ta fara ja, ita kuwa ba ta taɓa yi ba. Na zargi gangar da Inna ke turara shinkafa a ciki, don tururi da ƙarfe duk ba sa shiri da wai-fai, sai aka ce mini rabon da a ɗora ta tun kafin ciwon Baba. Har wayoyin masu dubiya na zarga, na tuna rabinsu masu madanni ne, sauran kuma ba wanda ya san lambar sirrin.

Talata da Laraba na sa Nazifa ta tsaya kan fitilar daga huɗu zuwa biyar tana turo mini hoto. Fara, fara, fara. Dattawan kuma sun zo duka kwana biyun, sun zauna inda suka saba. Ina tsaye gaban allo ran Alhamis da safe, alli a hannu, abin ya faɗo mini. Na'ura ba ta san Litinin da Alhamis ba. Mutanen gida ne suka san su. Ke nan akwai abin da wani ke yi a ranakun likita kaɗai, kuma ni da nake ta duba fitilu ban taɓa duba mutane ba.

Da na isa Argungu da yamma ban shiga ɗaki ba, ban je shago ba. Na jawo kujera 'yar tsugunne na zauna a tsakar gida inda nake ganin na'urar tsakiya, na naɗe hannu. Daga nan, ta cikin ƙofa, ina hango tagar shago da uwar a kai.

Huɗu da minti ashirin da biyar Inna ta ɗaga kai ta dubi tagar Baba. Na bi idonta. Ya ɗago hannunsa mai lafiya ya yi kamar mai tura abu. Ta ajiye faifai, ta tashi, ta tura ƙofar ƙarfe ta sa sakata. Na juya na dubi ginshiƙi. Fitilar ta yi ƙifta biyu ta koma ja.

Ashe ta wannan ƙofar kaɗai uwa ke ganin 'yarta. Katangar bulo ce cike da siminti, ƙofar kuma faranti guda na ƙarfe. Ranar da na kafa su a buɗe take, don a gidanmu ba a rufe ta sai za a kwanta. Ran Litinin ni ce ke buɗe ta da gudu, in na dawo Inna ta mayar a bayana.

"Inna, don mi kika ruhe ƙohwag ga?"

"Shi yac ce."

"Yac ce? Da wane baki?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Shekara arba'in ina zamne da mutum, sai ya buɗe baki kahin in ji shi? Ba ya son su Maliki su ji shi yana ba-ba-ba kamar jinjiri. Mutumen da ka kira daga wagga gaɓa a amsa mai daga waccan."

"Kina gani ina ta gudu ran Littinin, ba ki ce min komi ba."

"Ke wuta kit tambaye ni. Ni ina nis san ƙohwa na da hannu cikin sha'aninku?"

Saura minti uku. In na buɗe ƙofa, na san Baba, bakinsa zai rufe ya juya wa waya baya. In na ce a sallami dattawan da suka zo dubiya, Inna za ta fara sallamata. Wayar da zan ja daga shago zuwa ciki kuwa sai an je kasuwa. Na tsaya ina kallon katangar, sai na lura ba ta da rufi. Abin da ba ya ratsa ƙarfe ai yana iya bi ta samansa.

Na fizgo doguwar wayar firij, na sauya wa na'urar soket, na kifa turmi a gindin katanga na hau. Na ɗaga ta sama da hannu biyu kamar mai tallar kwano. Ta ɗauki lokacinta tana tunani, ni kuwa ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Sai ta yi fari. Daga ɗaki na ji muryar Dakta Fiddausi tana sallama, sumul ba yankewa.

Kaina ya ɗan zarce katanga, don haka ba da nufi ba nake ganin rumfar waje. Dattawa shida a kan tabarma. Na yi niyyar kau da kai, sai muryar Baba ta fito ta taga.

"Ba. Ba. B-ba."

Rabin muryarsa ce, amma rabin muryar Baba ta fi ta wani cikakkiya. Ta haye katangar nan ta sauka a rumfa kamar babu komai a tsakani. Ƙofar ba ta taɓa tare masa sauti ba, wai-fai ɗina kaɗai take tarewa. Duk zaman da aka yi, da wanda yake maimaitawa shi kaɗai in hoto ya daskare, sun ji.

Baba Maliki ya murɗa rediyonsa ya ƙara sauti. Sannan ya juya ga na kusa da shi ya ce da ƙarfi, "Ni na ce maka ruwan bana ba su kai na bara ba."

"Kai dai ba ka tahi Zauro ka gani ba," in ji wancan, shi ma da ƙarfi.

Nan take gardama ta kaure, kowa na faɗin tasa, irin gardamar da ba wanda ke sauraron wani. Wani tsoho a gefe yana ta rantsuwa kan zurfin gulbi, yana share ido da hannun riga. Baba Maliki ya ɗago ya gan ni a saman katanga da na'ura a hannu. Ya ɗan girgiza mini kai sau ɗaya, ya mayar da fuskarsa ga abokan gardamarsa.

Minti arba'in na yi a kan turmin nan. Kafaɗuna suka yi tsami, hannuna ya mutu, amma ban sauke na'urar ba. Kuka kuma na yi shi, ban da hannun sharewa. Can wajen ƙarshe na ji likita ta ce, "Malam, me ke cikin kofin nan?" Na kasa kunne. Sai muryar da na sani tun ina goye ta fito, a karkace amma cikakkiya.

"Ru-wa."

Gardamar waje ta tsaya cak, kamar tsawon numfashi ɗaya. Na ga leɓen Baba Maliki ya motsa da hamdala. Sai ya gyara murya ya ce, "To, ina muka? Ni dai na ce ba su kai na bara ba."

Ran Asabar na sayo waya doguwa na bi da ita ta kan katanga daga shago har ginshiƙi, na buga mata ƙusoshi. Tun daga ranar fitilar ba ta sake yin ja ba. Dakta Fiddausi ta tambaye ni me ya faru, na ce ƙofa ce. Nazifa ma abin da na faɗa mata ke nan, kuma gaskiya ne.

Yanzu Baba yana haɗa kalma uku, wani lokaci huɗu. Har yau, Litinin da Alhamis, huɗu da minti ashirin da biyar, yana ɗaga hannu, Inna ta tashi ta rufe ƙofa ta sa sakata. Ban faɗa masa abin da na gani daga kan turmi ba, kuma ba zan faɗa ba. Na dai saya wa Baba Maliki sabon batir na rediyo.