Igiyar Ƙafar Talha

Malam Abdulrashid ya ci haƙƙin matan da ke aiki a ƙarƙashinsa, kuma da sunan Allah ya ci. Shi ne shugaban wata cibiya a Azare da gwamnatin jiha ke ba kuɗi don kula da waɗanda aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa. In ma'aikata suka tambayi albashi sai ya ce Bauchi ba ta turo ba, ya ƙara da cewa aikin lada ne, mai neman kuɗi a kansa ya ji kunya.

Yakaka ba ma'aikaciya ba ce, amma a kanta abin ya sauka. Ɗanta Talha ya yi gemu, hankalinsa na ƙaramin yaro. Da can in za ta kasuwa sayar da busasshiyar kuɓewa, ɗaure ƙafarsa take yi a jikin turke, don in ya fita titi ba ya gudun mota. Wata ma'aikaciyar cibiyar, Larai, ita ta koya masa zama wuri guda da cin abinci da hannunsa, har Yakaka ta daina ɗaure shi.

Da kaka ta yi, Larai ta zo sallama. Ta ce 'ya'yanta ba za su ci lada ba, za ta Bulkachuwa aikin girbi.

"Yaya, ki yafe mini," in ji ta.

Yakaka ta ce babu laifin da ta yi. Sauran ma'aikatan ma suka watse, aka rufe ƙofa. Yakaka ta koma ɗaure ɗanta. Yanzu kuwa ya san daɗin sakewa, sai ya yi ta fizga har igiyar ta ci fatarsa.

Ana nan Malam Abdulrashid ya aiko cewa baƙi za su zo daga Bauchi duba aiki, a kawo Talha cikin kaya masu tsabta. Ta kai shi. Ta tarar an share wurin, ga wasu mata sanye da rigunan ma'aikata, dangin matar shugaban ne, ta san su. Talha ya ƙi yarda su taɓa shi, yana ta kiran Larai.

Shugabar baƙin ta tambaya wace ce Larai. Malam Abdulrashid ya nuna ɗaya daga cikin matan.

Yakaka ta san in ta yi magana wataƙila a rufe cibiyar har abada. Duk da haka ta durƙusa ta ɗage ƙafar wandon ɗanta.

"Ba ita ba ce, Hajiya. Da Larai na nan, da ba ki ga wannan gyambon ba."

Bincike ya nuna albashi bai taɓa fasa zuwa ba. Aka biya matan, Larai ta dawo bayan girbi, Talha ya koma wurinta yana ɗingishi.

Malam Abdulrashid kuwa an kore shi daga aiki, kotu ta ɗaure shi shekara uku.