Bangon Bayan Ƙofa

Tun da suka shigo, mai shagon bai kalle ta ba ko sau ɗaya. Maigidanta yake bi daga wannan talabijin zuwa waccan, yana ta zuba masa "Yallaɓai". Ita kuwa Tela, kamar yadda kowa ke kiranta saboda ɗinkin da take yi a gida, tana biye da su da tef ɗin awonta dunƙule a hannu.

"Wannan inci hamsin da biyar ce, Yallaɓai. In ana ƙwallo, har zufar ɗan wasa za ka gani."

Tela ta ware tef ta auna faɗinta. Arba'in da takwas da ɗoriya.

"Baban yara, ba za ta shiga ba."

"Na auna," in ji shi, ya ware hannuwansa biyu. "Nan zuwa nan, har da saura."

Ta ga awon nasa da safe. Ya tsaya a falo, ƙofa a rufe, ya rungumi bango kamar mai tarbar baƙo. Ita da tef ta auna, ƙofa a buɗe, don ƙofar ta cikin falo take buɗewa ta kwanta a jikin bangon. Inci arba'in ne suka rage zuwa taga. A gindin tagar nan kuma keken ɗinkinta yake, shekara tara.

"Ai ƙofar ce, in aka buɗe ta..."

"Hajiya, wannan ba zani ba ne," mai shagon ya katse ta yana dariya. "Ki bar wa maza."

Maigidan ma ya yi dariya, kuma dariyarsa ce ta fi ƙona mata rai. Mutumin da ko tsawon wandonsa bai sani ba sai ta gaya masa.

"To kekena fa?"

"Sai ya koma lungun kicin. Wa ke ajiye keke a ƙarƙashin irin wannan abu?" in ji maigidan.

Lungun kicin, inda ko da rana tsaka sai an kunna fitila. A can za ta zura allura? A can matan da ke kawo ɗinki za su tsaya gwajin riga, kusa da bokitin shara? Ta nuna wata mai inci arba'in da uku, wadda ta auna ta ga za ta zauna daram. Babu wanda ya juya. Ta naɗe tef ɗinta. Babbar aka saya.

Bayan la'asar mai ɗaurawa ya zo. Aka rufe ƙofa don kada ƙura ta shiga ɗakuna. Ya huda bango wuri huɗu, ya ɗaura ƙarfe, suka ɗaga talabijin shi da maigidan suka rataya. Tela na tsaye tana kallon garin siminti yana sauka a kan yadin mutane. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

"Kama mini mu fitar da keken nan," in ji maigidan.

Mai ɗaurawa ya ja ƙofa. Ta zo rabi ta tsaya cak, saura ƙiris ta daki gilashin. Suka gwada keken ta tsawo, ya ƙi. Suka karkata shi, ƙafar ƙarfen ta cije. Ƙofa ɗaya ce a falon.

"A matsar da talabijin ɗin gefe mana."

"Gefe taga ce, Yallaɓai. Babu inda zan huda. Ko dai a sauke ta, ko a cire ƙofar, kuma wannan sai mai gidan haya ya yarda."

Maigidan ya share gumi, ya dubi bango, ya dubi agogo. An kusa take wasa.

"A bar shi tukuna."

Suka mayar da keken inda yake. Mai ɗaurawa ya fita a kaikaice, yana tura jakarsa a gaba.

Tela ta kakkaɓe yadin, ta ja kujerarta, ta zura zare. Da aka take wasa, ɗaurin ɗankwalinta ya rufe ragar ƙwallon da ke hannun hagu a talabijin. Ta ɗora ƙafa ta fara takawa, ƙarar keken ta haɗiye muryar mai sharhi.

"Tela, ɗan rage ƙarar nan mana."

Ba ta ɗago ba.

"Shi ba shi da rimot, Baban yara."