Fitilar Shawara

Murjanatu ta ajiye fitilar a teburin Baba Zarami tana haki. Daga ƙaramin asibitin da take aikin jinya, can wajen Mamudo, ta ɗauko ta a kan babur.

"Baba, jariri ne ɗan kwana uku, shawara ta kai masa har tafin ƙafa. Wannan shuɗiyar fitilar ce maganinsa, ga shi ta ƙi kamawa."

Zarami ya shekara talatin yana gyaran kayan lantarki a Bolewa, kuma ba ya son a koya wa kifi iyo. Ya jona fitilar da na'urar gwajinsa, ya murɗa maɓallin da ke ƙayyade yawan wutar da za ta ratsa ta. Allurar na'urar ko motsi ba ta yi ba. Ya murɗa har ƙarshe. Shiru.

"Ƙwayayen sun ƙone, 'yata. Sai dai ku kai yaron Damaturu."

Ta tafi, ta bar masa fitilar.

Bayan la'asar, yana shirin cire wayoyin, idonsa ya faɗa kan ɗaya maɓallin, na ƙarfin turin wuta. Tun ranar da ya ƙona rediyon wani, shekarun baya, ya naɗe maɓallin da salatif a kan bolt sha biyu, don kada hannu ya sake kuskure. Ya juya fitilar. A bayanta an rubuta bolt talatin da shida.

Nan take ya gane kuskurensa. Komai yawan wutar da ka nema, na'urar ba za ta tura fiye da iyakar da ka ɗaure mata ba. Shi da kansa ya sha faɗa wa mutane haka.

Ya ɓare salatif ɗin, ya murɗa a hankali. Shuɗin haske ya cika shagon. Ashe wayar cajarta ce kawai ta tsinke. Kunya da tsoro suka rufe shi, ya lalubo wayar salularsa ya kira ta.

"Murjanatu, fitilar lafiyarta lau! Kuskurena ne. Ga ni nan tafe da ita."

Ta amsa ta cikin wayar:

"Baba, uban ya ce Damaturu ta yi nisa. Tun azahar suka tafi da shi gida, wai za su jiƙa masa saiwa."

"Wane ƙauye?"

"Makiyaya ne, Baba. Ba su faɗa ba."